Ƙarar da ke Cikin Motar Asama'u

A garejin da ke bakin hanyar Bici zuwa Watari, ba a gaya wa Malam Tasi'u ciwon mota. Direba zai fara bayani, sai ya ɗaga masa hannu, ya ce a tayar da ita kawai. Ya karkata kai, ya lumshe ido, can ya ce fulogi na uku ne, ko kuwa bel ne ya saki. A buɗe, a tarar haka ne. Shekara talatin da bakwai da wannan kunne yake ci, da shi ya gina gida, ya aurar da 'ya'ya mata huɗu. Na'urar nan da samarin Kano ke jona wa mota ta faɗi laifinta kuwa, ko kallo ba ta ishe shi ba.

Ran nan da hantsi yana tsugune kan wani tsohon inji, janareton mai walda na ta ruri a gefe, mai gyaran bodi na dukan ƙarfe kamar ya yi masa laifi, sai ya ga inuwa ta rufe masa aiki. Ya ɗaga kai. Wata farar mota ce tsaye dab da gwiwarsa, ko zuwanta bai ji ba. Hajiya Asama'u ta leƙo ta tagar baya tana dariya.

Asama'u taubashiyarsa ce, 'yar ƙanwar mahaifinsa, saboda haka tun suna yara babu wanda ke raga wa wani. Albasa take nomawa a Watari tana kaiwa Kano. Ta dasa sola a gona don jan ruwa, da ta ga wutar ta yi mata yawa ta sayo motar lantarki tana caja ta a can. Ƙaninta Basiru ke tuƙa ta.

"Tsoho, da kura ce da ta cinye ka!" in ji ta da ƙarfi.

"Kurar ma ta fi ki tausayi. Wannan ce motar da ake ta labari?"

Bai jira amsa ba ya miƙe yana goge hannu. Ya daɗe yana son ya ga irinta ido da ido. Basiru ya buɗe masa gaba, ya leƙa, ya ga wani rami mai murfin roba, an ajiye ƙullin kuka da daddawa a ciki. Ya kwanta ya leƙa ƙasa, babu salansa, babu ɗigon baƙin mai ko ɗaya. Ya tashi ya zagaya ta yana ƙwanƙwasa jiki. Fentin ya burge shi, amma da ya zura yatsa tsakanin ƙofa da bodi, na hagu ya shiga, na dama ya ƙi. Ya taɓa robar cikin ƙofar baya ya ji ta sakayau.

"Sun iya batir," ya ce, "amma wanda ya haɗa ƙofar nan sauri yake ya tafi gida. Me ke damunta?"

Ta ce wata 'yar ƙara ce, sati biyu ke nan, musamman a kan burji. A tsohuwar motarta da ba ta ma san da ita ba, don waccan komai nata kuka yake. Amma a wannan, da an rufe gilashi sai ka ji kamar kana ɗaki, ƙarar ta tsaya maka a tsakiyar ka. Sun kai ta Kano, na'ura ta ce lafiyarta ƙalau.

"Na ce musu akwai wani tsoho a Bici da ya fi na'urarku. Kada ka ba ni kunya, don na riga na cika baki."

A gaban direbobi uku ta faɗi haka, kuma duk sun ji. Tasi'u ya ji daɗi ƙwarai, ya kuma ji ɗan tsoro, domin bai taɓa sauraren motar da ba ta da inji ba. Ya shimfiɗa buhu a kujerar gaba saboda maiƙon rigarsa, ya shiga. Basiru ya ɗaga gilashi.

Garejin duk ya ɗauke. Yana ganin mai bodi na ɗaga guduma yana saukewa, amma kamar a mafarki. Motar ta zame ta hau kwalta ba tare da ko tari ba. Tasi'u ya riƙa kallon ƙafar Basiru, yana jiran a canja giya, har ya tuna babu. Suka bar kwalta suka shiga burji, gero ya yi kai a dama da hagu, nan da can mata na tsinkar kuɓewa. Ya karkata kai, ya lumshe ido.

Sai ga ta. Siririya, doguwa, ba ta yankewa.

"Na ji ta," ya ce yana murmushi. "Fito take yi."

Basiru ya dube shi ya ce wani abu ƙasa-ƙasa.

"Me ka ce?"

"Na ce ba fito ba ne, Malam. Kacau-kacau take yi."

"Kai tuƙi ka sani. Iska ce ke shiga ta robar ƙofa. Tsaya."

Aka tsaya. Ya fita ya bi robar da babban yatsa, ya cusa tsumma inda ya ga ta ɗaga, aka ci gaba. Fiton na nan. Ya ce to gilashin gaba ne bai zauna ba, ya danna shi da tafin hannu. Fiton na nan. Abin ya fara ba shi sha'awa sosai. Idan iska ce, ya kamata ta ƙaru in an taka wuta, ta ragu in an sassauta, wannan kuwa ko a jikinta. Wace irin ƙara ce ba ruwanta da gudu? Ya yanke cewa wutar batir ce ke kuka, yadda wasu caja ke yi. Yana mamakin ma yadda Asama'u ta yi tsit a baya, ita da bakinta ba ya hutawa. Ya ɗauka motar ce ta koya mata natsuwa.

Wajen wata tsamiya ya ce Basiru ya tsaya ya kashe ta.

"Kashe ta mana."

"Ai na kashe, Malam. Ga allon nan ya yi baƙi."

Tasi'u ya dubi allon. Ya buɗe ƙofa ya fita, ya kara kunne a jikin motar ta gaba, ta baya, ta wajen taya. Ko'ina ɗaya ne. Ya ja da baya taku biyar don ya ji ta inda take fitowa, sannan taku goma. Ya bi wata 'yar hanya tsakanin kunyoyin gero har ya daina hango motar. Fiton bai ragu ba ko kaɗan.

Nan ya tsaya. A hankali ya ɗaga yatsu biyu ya toshe kunnuwansa, sai fiton ya ƙara fitowa fes.

Ashe ya san ƙarar nan. Ita ce ya daɗe yana ɗora wa gyare a gida, yana cewa ƙwarin bana sun yi yawa. A gareji kuwa ina za ta samu wuri, ga janareto, ga guduma, ga injuna? Sai yau da aka sa shi cikin abin da ba ya ƙara, aka bar shi da kansa. Ya ɗaga ido ya ga wasu 'yan tsuntsaye a kan zangarniya, bakinsu na motsi. Ya tsaya yana kallon su, yana jiran ya ji kukansu. Tsoro na gaske ya kama shi, irin wanda bai ji ba tun yana yaro.

Da ya dawo, Asama'u ta fito ta tsaya a inuwar tsamiya.

"Ina ka shiga? Sau uku ina ce maka ga ta nan a ƙofata, ko waiwayowa ba ka yi ba."

Ya ce ta koma gaba, shi ya shiga baya, ya ce Basiru ya ja a hankali kan gargadar. Ya shimfiɗa tafin hannu a jikin ƙofar, yana matsar da shi kaɗan-kaɗan, yadda ake laluben zazzaɓi a jikin yaro. Ƙasa da maɓallin gilashi ya ji wani abu na bugun hannunsa. Ya danna.

"Ta yi shiru!" in ji Asama'u. "Wallahi ta yi shiru!"

Ya saki. Ta ce ta dawo. Aka tsaya, ya zaro sukundireba daga aljihu ya ɓanɓare robar. Wani ɗan maƙalin roba ne, bai kai ƙwayar gyaɗa ba, ya karye yana rawa a raminsa. Motar da aka kashe wa dukiya, ga abin da ke riƙe da ƙofarta. Ya yanko ɓallin tsohon tub da ke aljihunsa, ya naɗe, ya mayar, ya buga da gefen hannu. Suka yi gaba suka dawo a kan burjin, Basiru na ta jinjina kai.

"Ban gaya maka ba?" Asama'u ta ce wa ƙaninta. "Kunnen tsohon nan ya fi na'urar Kano. Bari mu koma in faɗa a gaban kowa."

"Kada ki faɗa," in ji Tasi'u. "Ban ji ta ba. Har yanzu ban san irin kukan da take yi ba."

Ya matso gaba yadda zai ga bakinta sosai.

"Asama'u, tsakaninki da Allah. Tun yaushe kuke ɗaga mini murya?"

Ta dubi Basiru, Basiru ya dubi hanya. Ta gyara mayafi, ta juyo gaba ɗaya ta fuskance shi.

"Tun kafin bikin Ikilima," ta ce. Autarsa ke nan, wadda ɗanta har ya fara tafiya. "Mun ɗauka mu ne ka gaji da ji. Muka ce mota dai ai yana jin ta."

Tasi'u ya gyaɗa kai. Ya koma ya jingina da kujera, ya ce Basiru ya sauke gilashi duka huɗun.