Mai Shekara Biyar

Sababbin sabobi shida, manyan kwamfutocin da ke riƙe da aikin kamfanin, suka iso ranar Litinin, aka jera kwalayensu a ɗakin sanyi. Injiniya ta tsaya tana kallonsu, ko murna babu. Ita dai Asabar ɗinta take tunani.

Shekara biyu ke nan ita da abokin aikinta Dogo suna karɓa-karɓar Asabar, saboda manhajar da ke tafiyar da tsofaffin sabobin irin mai gajeren kwana ce. Wata tara masu ita su daina kula da ita, sai a sauke a ɗora wata, a kwashe makonni ana lallashi. Mahaifiyarta kuwa tana wani gari, tafiyar awa uku, ƙafa ta ƙi. Rabonta da ganinta wata biyu, don ko Asabar ɗin hutunta sai wani abu ya lalace. Wallahi ta gaji.

A wajen taro Manaja ya juyo mata da wayarsa. "Ga manhajar da ta fito makon jiya. An ce gudu kamar me."

"Ranka ya daɗe, gudu zuwa ina?" ta ce. "Wannan ko wanka ba a yi mata ba. Akwai ta bara, an gama gano ciwonta, kuma shekara biyar za a yi ana kula da ita."

"Mu sayi sababbin injuna mu zuba musu tsohon abu?"

Dogo ya sosa ƙeya. "Yallaɓai, irin sabuwar nan ce ta ci mana Asabar ɗin da ba su ƙirguwa. Yarana sun fara gaishe ni kamar baƙo."

Aka yi dariya, ban da Injiniya. Ta buɗe jadawalin da ta kwana uku tana haɗawa: ranakun da aiki ya tsaya, awannin da suka salwanta. Ta yi bayani har maƙogwaronta ya bushe. "Idan muka ɗora mai shekara biyar ɗin, ba sai an zauna gadinta ba. Lafiya lau za ta yi ta aikinta."

Manaja ya daɗe yana kallon takardar. "Kin tabbata?"

"Na tabbata."

"Shi ke nan, a ɗora."

Tana fita ta kira gida. "Mama, wannan Asabar ɗin ina nan tafe. Da ta gaba ma."

"Allah ya sa, 'yar nan. Haka kika ce wancan karon."

Ranar Alhamis da rana ta gama ɗora manhajar a kan saba ta shida, fitilu duk kore. Manaja ya leƙo, yana murza hannu saboda sanyi.

"Sannu da ƙoƙari. Na kai takardarki sama, sun yaba ƙwarai. Sun ce tunda abin ba ya son gadi, mutum biyu sun yi yawa a nan. Dogo zai koma sabon reshe."

"To Asabar fa?"

"Ai ke kika ce lafiya lau. Ki riƙa leƙowa dai, ko na awa biyu, kada a bar wurin ba kowa."

Ya ja ƙofa. Injiniya ta zauna kan kwalin da babu komai a ciki, ta ciro wayarta, ta nemo lambar Mama, ta rasa da wane baki za ta fara.