Murfin Gilashi

Tukwane uku ne a kicin ɗin Mai Ɗinki, kuma duk wanda ya leƙa ya gan su sai ya yi dariya. Babbar ta yi baƙi ƙirin, murfinta ya lanƙwashe ta gefe ɗaya, ba ya zama daidai. Matsakaiciyar ta lotsa a ciki tun ranar da marigayi maigidanta ya sako ta daga saman kabad. Ƙaramar kuwa da waya aka ɗaure hannunta. Mai kallo ya yi ta dariyarsa. Ita da take girki da su ta san abin da take riƙe da shi.

Gaskiyar maganar, idanun Mai Ɗinki sun daɗe da soma yi mata gardama. Da farko zare ne ya ƙi shiga allura, sai ta rufe keken ɗinkin da zane, ta ce wa mutane ciwon baya ne. Sunan dai ya bi ta, ko da yake ta daina sana'ar. Daga baya fuskoki suka koma dishi-dishi, sai a murya take gane mutum. Ba ta gaya wa kowa ba. Gidan ta san shi kamar tafin hannunta, kicin kuwa tukwanen nan ne suka zame mata ido. In za ta dafa shinkafa, sai ta zura yatsa cikin matsakaiciyar ta lalubo lotsawar, nan ne iyakar ruwa. In ruwa ya tafasa a babbar, karkataccen murfin nan ya kama rawa, ƙwal-ƙwal-ƙwal, ko tana falo za ta ji. In ruwa ya tsotse, gindin tukunyar da ya sha wuta har ya yi siriri sai ya soma ƙas-ƙas, ta san lokacin saukewa ya yi.

Ba taurin kai kawai ya sa ta ɓoye ba. Ta ga yadda aka yi da yayarta. Ranar da 'ya'yan yayar suka gane uwarsu ba ta gani, abu na farko da suka ɗauke ashana ce. Daga nan suka kwashe ta zuwa gidan babban ɗanta, hawa na sama, aka ba ta kujera mai laushi kusa da taga. Ba wanda ya wulaƙanta ta, abinci ma har baki ake kai mata. Amma matar da ta ciyar da gida guda shekara da shekaru ta koma ko ruwan shayi sai ta roƙa. Mai Ɗinki ta je duba ta, ta tarar tana ta shafa hannun kujera, ba ta da abin taɓawa. A kan kujerar nan ta ƙare. Tun daga lokacin Mai Ɗinki ta ƙudurta a ranta, ita kam a kicin ɗinta za a same ta.

Wadda take tsoro ita ce Auta, 'yarta ta ƙarshe, mai aikin ofis, wadda ga shi yanzu tana ɗauke da cikin fari. Auta yarinya ce mai son uwarta, irin son nan da ba ya tambaya kafin ya yi aiki. Duk Asabar takan zo cin abincin rana, kuma ba ta taɓa tafiya ba ta ce, "Umma, ki dawo wurinmu mana, ɗaki na nan a share." Mai Ɗinki takan ce, "In na dawo wa zai dafa miki abin da kike lashe kwano a kai?" Su yi dariya, magana ta wuce.

Wata Asabar Mai Ɗinki ta dawo daga gaida maƙwabciya, ta tarar da ƙofa a buɗe, kicin yana warin sabon kwali.

"Umma, rufe idonki!" in ji Auta daga ciki, muryarta fal murna.

Ta kamo hannun uwar ta ja ta gaban murhun gas. Mai Ɗinki ta ga wani ƙyalli jere a kan teburi, ba ta ga komai ba bayan wannan. Ta miƙa hannu ta shafa. Sanyi, santsi, nauyi.

"Sababbin tukwane ne," Auta ta ce. "Sai da na zaga shaguna kafin na zaɓo. Ji gindinta, kauri gare shi, abinci ba ya saurin kamawa. Hannun ba ya ɗaukar zafi. Ga ma'aunin ruwa an rubuta a ciki, kin ga layukan? Murfin kuma gilashi ne, ba sai kin buɗe ba, daga tsaye kina ganin komai."

"Ina gani," in ji Mai Ɗinki. "Allah ya yi miki albarka. Nawa na da fa?"

"Waɗancan tarkacen? Na ba mai sayen tsofaffin ƙarafa, yanzu ya wuce da kurarsa. Na san in na bar su ba za ki taɓa waɗannan ba."

Abin da ya zo wa Mai Ɗinki a baki, da ta bar shi ya fito da sai an ji su a titi. Ta haɗiye. Me za ta ce? Ta ce an sayar mata da idanu a kan sikeli? Ta sake sa albarka, ta ce yau kam Auta ce za ta buɗe sababbin tukwane da hannunta, ita bayanta ya motsa. Auta ta yi girkin tana waƙa.

Washegari da safe Mai Ɗinki ta fito da sandar da take cewa ta ciwon baya ce, ta bi gefen katanga har filin da mai ƙarafa yake tara kayansa. Ƙarar guduma ce ta kai ta.

"Mama, ai kin makara," ya ce da ta yi masa bayani. "Irin waɗannan ba na ajiye su. Take nake daddake su, su yi faifai, a ɗaure. Mota ta kwashe tun jiya. Amma ga wata nan mai kyau, in kina so."

Ya miƙo mata wata tukunya. Ta zura yatsa ta zagaya cikinta. Ba lotsawa. Ta mayar masa, ta juya gida ranta a dagule.

Makon nan ta raina kanta. Wanda ya ƙera tukwanen nan, ko wane ne shi, bai taɓa tunanin akwai mai girki da kunne ba. Murfin ya zauna daram, ga ɗan rami da tururi ke fita ta ciki shiru kamar munafuki. Gindin mai kauri ba ya ƙas ba ya ƙus. Shinkafar farko ta caɓe. Ta biyu ta rage ruwa, ta zauna jiran ƙarar da ba za ta zo ba, sai ƙauri ne ya sanar da ita. Madara ta tafaso ta kashe wutar, gas ya yi ta fita, Allah ya sa hancinta bai tsufa ba. Da ta kai kunne kusa da murfin don ta saurara, tururin ramin nan ya ƙone ta a kumatu. Ta zauna a ƙasan kicin tana kankare ƙanzo, ta yi kuka irin wanda rabonta da shi tun rasuwar maigidan.

Amma matar da ta yi rayuwarta tana gyara rigar da wani ya ɓata ba ta saba zama ta zuba wa abu ido ba. Ta lalubo akwatin kayan aikin marigayi. Ta kifa tukunya ɗaya a kan tsumma, ta auna da yatsa inda ruwan shinkafa yake tsayawa, ta ɗora guduma. Ta buga, ta ƙara bugawa. Ƙarfen ko gezau, sai hannunta ne ya yi tsami. Ta haƙura da wannan, ta koma auna ruwa da kofi.

Saura murfi. Gilashi ne, amma an zagaye bakinsa da siririn ƙarfe. Ta kama ƙarfen da filaya ta murɗa a hankali, ta ƙara murɗawa. Ta ji wani ɗan ƙas, ta ɗauka ƙarfen ne ya ba da kai. Ta ɗora ruwa a wuta ta koma falo ta zauna, ta kasa kunne. Can sai ta ji shi. Ƙwal. Ƙwal-ƙwal-ƙwal. Ba irin muryar tsohon ba ce, wannan ta fi siriri, amma magana ce. Mai Ɗinki ta yi dariya ita kaɗai, ta ce, "Ashe kana da baki, ɗan nema."

Ranar Asabar ta tashi da ƙarfinta. Ta yi miyar nama da dankali a tukunyar mai murfin da ta gyara, ta dafa shinkafa a ɗaya, ta tsaya a kanta ba ta matsa ba. Komai ya fito yadda take so. Auta ta iso tana haki, ta zube a kujerar cin abinci da ke bakin kicin, ta ce tun daga ƙofa ƙamshi ya tare ta.

"Kin gani ko, Umma? Ba na gaya miki ba? Tukunya mai kyau daban ce."

"Kin gaya mini," in ji Mai Ɗinki. Ta zuba mata, ta cika kwanon, don mai ciki ba a yi mata rowa.

Ta koma wurin wanke-wanke ta ɗauki murfin. Tana zagaya bakinsa da soso sai wani abu ya yanke ta a yatsa. Ta tsaya. Ta sake bi a hankali. Daidai inda ta murɗa da filaya, gilashin ya ɓalle, akwai gurbi kamar faɗin farce. Da safe da ta ɗora murfin, gurbin nan babu shi. Ta shafa cikin kwatamin wanke-wanke, ba komai. Murfin nan a kan miya ya yini yana rawa.

Daga bayanta ta ji cokali ya taɓa kwano.

Ta san abin da zai biyo baya in ta yi magana. Ta kuma san abin da zai iya biyowa in ta yi shiru. Ba ta ɓata lokaci wajen zaɓa ba.

"Kar ki ci!"

Ta yi kukan kura ta nufi inda muryar Auta take, ta kai hannu, ta ture kwanon. Ya faɗi ya tarwatse, miya ta fallatsa har bango.

"Umma! Lafiya?"

"Gilashi. Murfin ya ɓalle, yana cikin miyar. Kin kai baki? Auta, gaya mini, kin haɗiya?"

"Ban kai ba tukuna. Tsaya, jini ne a hannunki." Kujera ta yi ƙara, Auta ta taso. Ta ɗauki murfin ta juya shi, sannan ta yi ajiyar zuciya har da 'yar dariya. "Kai, Umma, kin tsorata ni. Ai bai faɗa ciki ba. Ga shi can."

"Ina?"

"Ga shi nan gabanki, yana ƙyalli."

Mai Ɗinki ta sunkuyar da kai ta dubi ƙasa, wajen ƙafafunta, ta gyaɗa kai. "Oho, na gan shi. Alhamdu lillahi."

Ta ji Auta ta ajiye murfin.

"Umma," Auta ta ce a hankali, "a kan murhu yake. Kusa da hannunki."

Mai Ɗinki ta ji iska ta gifta a fuskarta sau ɗaya, sau biyu, ta gane hannu ake kaɗa mata a gaban ido.

"Tun yaushe?"

"Tun kafin in rufe keke."

"Kike kunna gas? Ke kaɗai a gidan nan? Wannan tabon na kumatunki fa? Me ya sa ba ki gaya mini ba? Ni fa na ɗauka..."

"Tukwanena suna gaya mini komai," in ji Mai Ɗinki. "Ban taɓa ƙona ko ƙwai ba sai makon nan."

Ba don ta soka mata magana ta faɗa ba, amma ta soku. Auta ta rungume ta tana kuka, cikin ya tokare tsakaninsu, tana cewa ta yafe mata, ba ta sani ba, wallahi ba ta sani ba. Mai Ɗinki ta bubbuga bayanta. Tausayin yarinyar ya kama ta, haushinta ma bai sake ta ba.

Auta ta zaunar da ita, ta wanke mata yatsan ta ɗaure. Ta share fasasshen kwano, ta goge bango. Tana aikin tana magana, da irin muryar da ake lallashin mara lafiya: Litinin za su je asibitin ido, wataƙila ma abin na aiki ne a gama, yanzu likitoci sun ci gaba. Kafin nan dai ta zo ta kwana biyu a wurinsu, ɗaki na nan a share, akwai kujera mai daɗi kusa da taga.

"Kwana biyu kawai, Umma."

"To," in ji Mai Ɗinki.

Tana zaune da hannunta a cinya, kunnenta yana kicin kamar yadda ya saba. Ta ji an murɗa kan tulun gas an rufe. Ta ji an jera sababbin tukwanen a kabad, ɗaya cikin ɗaya. Sannan ta ji wata 'yar ƙara da ta sani sarai, ƙarar tsinkaye a cikin kwali, daga kan taga inda take ajiye ashanarta. Auta ta yi ƙoƙari ta ɗauka a hankali, har da yin tari don ta rufe ƙarar.

Zif ɗin jaka ya buɗe, ya rufe.