Lifidin Lurwanu da Ragon Hamma

Tun ranar da ragon Hamma makiyayi ya tunkuyi Lurwanu a kasuwar Dangora, ya zaunar da shi cikin kwandon tumatir, ba wanda ya ƙara kiransa da sunansa. Jan Wando ake ce masa, har masu tallar nono. Lurwanu mai facin taya ne, ba shi da hayaniya, amma abin nan ya tsaya masa a rai.

Ran nan da la'asar ana zaune a gindin darbejiyar da ke gaban shagonsa, sai hira ta gangaro kan yaƙin mutanen da.

Mudassir direba ya ce, "Da ni ne sarkin yaƙi, tulu ɗari zan cika da ƙudan zuma, in wurga bayan ganuwa, in koma in sha furata."

Malam Abdullahi, dattijon majalisar, ya ce, "In suka juyo kanka fa?"

"Sai in kawo raguna ɗari uku irin na Hamma, in shafa wa ƙofar garin tumatir. Ga Jan Wando nan, ya san aikinsu."

Aka yi ta dariya. Lurwanu ya bari ta lafa, ya ce, "Allah gafarta Malam, su mayaƙan, da me suke tare duka?"

"Lifidi. Riga ce mai kauri cike da auduga, kibiya ba ta huda ta. Illarta ɗaya ce…"

Lurwanu bai tsaya jin illar ba, ya tashi.

Kwana biyu yana aiki. Ya yanka tsohuwar katifa, ya naɗe jikinsa gaba da baya, ya ɗaure tamau da robar taya, ya kifa tukunya a ka. Da hantsi ya nufi rugar Hamma da taɓarya a hannu, yana tafiya kamar buhun masara ya yi ƙafa.

Ya gai da Hamma da ladabi, ya tambayi shanu da iyali, sannan ya ce, "Baffa, ba da kai nake ba. Tsakanina da shi ne."

Ragon ya dube shi, ya ja da baya taku biyar, ya taho. Lifidi ya yi aikinsa, Lurwanu ko zafi bai ji ba. Sai dai ga shi rigingine a ƙasa, ya yunƙura, ya sake yunƙurawa, katifa ta hana shi tashi. Nan ya gane illar da Malam ya so faɗa. Ragon ya tsaya a kansa yana shinshinar soso.

Lurwanu ya jima yana kallon sama. Can ya ce, "Baffa, layya saura yaushe?"

"Sati shida."

"Kada ka sayar wa kowa da shi. Ni zan saya, da hannuna zan yanka, kuma Mudassir ko ƙashi ba zai gani ba."

Hamma ya jawo kujera ya zauna. "To, tashi mu yi ciniki."

"Sa masa suna, Baffa. Ina ji daga nan."