Tumatir a Kan Saiwar Zaƙami

Sammani mutum ne da idan aka koya masa abu ɗaya sai ya ƙara biyu daga kansa. A Bunkure kowa ya san shi da wannan hali.

Da ciwon bushewa ya addabi tumatir a bakin kanal, wata malamar binciken gona mai suna Saude ta koya wa manoma aurar da tumatir a kan saiwar gauta, wato a yanko kan dashen tumatir a ɗaura shi a kan gindin gauta su haɗe. Ta ce tumatir da gauta da barkono, har da zaƙami, kakansu ɗaya. A can zamanin da, kayan gadon da ke cikin ƙwayar halittar kakan suka ruɓanya, sai kowane jika ya riƙe wani kaso ya sarrafa shi ta hanyarsa.

Sammani ya kama sunan zaƙami ya riƙe. Ga shi nan birjik a gefen ruwa, bai taɓa ganin ya bushe ba, ko akuya ba ta kula shi. Ba tare da ya shawarci kowa ba, ya aurar da tumatir arba'in a kansa. Suka yi kyau kuwa, jajir kamar a zana. Ran da ya fara tsinka, da safe ya aika kwandon farko gida, da hantsi ya janyo Malama Saude ta zo ta ga basira.

Ta tsuguna a gindin wani, ta ga ɗan tofo ya fito daga ƙasan ɗaurin. Ta murza ganyen, ta sansana, ta miƙe a hankali.

"Malam Sammani, zaƙami ne wannan?"

"Ai ke kika ce dangi ne, Malama."

"Dangi ne, shi ya sa ya kama. Amma shi a saiwa yake haɗa gubarsa ya tura sama. Tana cikin 'ya'yan nan. Akwai wanda ya ci?"

Sammani ya laluba aljihu da sauri. Ya kira wayar matarsa Kubra sau uku, ba a ɗauka ba. Ya haye babur ya bi gefen kanal a guje, bakinsa na salati, idonsa ba ya ganin komai sai 'ya'yansa zaune gaban kwano. Tsoro irin wannan bai taɓa jin sa ba.

Ya faɗa gida ko sallama babu. Kubra na tankaɗe, murhu ko wuta ba a hura ba. Ya zube a ƙasa yana hamdala, sai idonsa ya kai kan kwandon. Guda biyar suka rage a ciki.

"Ina sauran?"

"Haba Malam, nunan fari fa ne, a ci shi a ɓoye? Na raba tun da safe. Na kai wa Inna, na ba gidan Liman, da su Halimatu mai jego. Gida bakwai dai."

Sammani ya fito ƙofar gida. Azahar ta kusa, hayaƙi na tashi ta kan kowace katanga, ƙanshin miya ya cika layin. Ya tsaya yana waige-waige, ya rasa ƙofar da zai fara bugawa.