Ranar da Justina Ta Ce Ya Ƙare

"Ku ce masa ya koma," in ji Justina, ta juya fuska bango. "Ni ba zan karɓa ba."

Fada Bernard yana bakin ƙofa, bai ko cire hular babur ba, 'yar jakar da ya kawo Jibi a ciki tana rataye a wuyansa. Jibi kuwa farar gurasar nan ce da Katolika ke karɓa a coci, ake kuma kai wa mai jinya har gado. Matan Zumunta, ƙungiyar matan cocinsu, da suka cika tsakar gida suka fara ƙus-ƙus. Ni da nake Musulma, mai ɗinki, ba abin da ya haɗa ni da Jibi, amma sai da raina ya ɓaci.

"Haba Maman Nathan! Bawan Allah ya sha rana ya zo, ki ce ya koma? Ko ruwa ai a bari ya sha," na ce wa Justina.

Ciwon hanta ya gama cinye ta, idanunta sun yi ɗorawa. Asibiti sun sallamo ta, sun ce a kai ta gida.

Shagona jikin kemis ɗin Oga Innocent yake a bakin kasuwar Kuje, katako ne kawai tsakaninmu. Justina ce mai jiran kemis ɗin tun rasuwar mijinta, da shi ta ciyar da yara. Shekarun da gwamnati ta taso daga Legas garin ya cika da baƙi, Oga ya fara kawo ƙwayar tazarar haihuwa da kororon roba. Cocinsu kuwa ya hana. Ta ce masa ba za ta iya ba, ya ce ga hanya nan, masu neman aikin sun fi ƙuda yawa.

Sai ta samo dabara. In mace ta zo tana sunkuyar da kai tana magana ƙasa-ƙasa, Justina takan ƙwanƙwasa katakon nan, in tashi daga kan keken ɗinki in zagaya, in ɗauko ƙwayar in miƙa da hannuna. Ina yi ina tsokanarta, "To Hajiyar coci, an wanke ki, zunubin ya dawo kan Yelwa." Ba ta dariya. Duk da wannan dabarar, kowace Lahadi in mutane suka tashi karɓar Jibi ita tana zaune a benci. Kowa ya ɗauka saboda kayan kemis ne, har da ni.

Fada ya ajiye hular, ya sallami mutane. Na miƙe zan fita, ta kamo bakin zanena.

"Yelwa ya zauna. Shi ma ya ji." Haka Hausarta take, mace da namiji duk ɗaya.

"Justina," Fada ya ce, "na sha gaya miki, shagon ba naki ba ne, ba ke kika zaɓi kayan ba. Marayu kika riƙe da aikin nan."

"Ba wannan ba ne, Fada. Linda ne."

Linda matar wani ganduroba ce, 'yar Zumuntarsu, siririya mai yawan kunya. An yi mata tiyata a haihuwarta ta ƙarshe, likita ya ce kada ta sake ɗaukar ciki. Ta ɗauka, ta rasu a bayan a-kori-kura kan hanyar asibiti, ita da abin da ke cikinta. Ni na ɗinka ankon da aka sa a jana'izarta.

"Ya zo wurina," Justina ta ce, tana magana tana hutawa. "Yelwa ya tafi biki Yangoji. Na buga katako, shiru. Linda ya ce, sista, taimake ni, dokta ya ce zan mutu. Abin yana nan bayana a kan kanta, Fada. Na duba shi, ɗan Zumunta kamar ni, jiya-jiya mun yi addu'a tare. Na ce ya ƙare."

"Ba ta je wani wuri ba?"

"Ina? Kemis ɗaya ne a garin lokacin. Kuma kunya. Ya ce na gode sista, ya tafi."

Wallahi ban san sanda hawaye suka zubo mini ba. Shekara da shekaru muna cin tuwo kwano ɗaya da baiwar Allahn nan, ban taɓa sanin abin da take ɗauke da shi ba. Na ji haushinta, na ji tausayinta, na rasa wanne ya fi.

Ta juyo ta kalli Fada sosai. "To gaya mini wanne zan tuba. In na tuba don na sayar, to ranar Linda na yi daidai ke nan. In na tuba don na hana Linda, to me na yi ta tsoro duk shekarun nan? Ba zan ci Jikin Yesu da ƙarya a baki ba."

Na zaci zai buɗe littafi. Bai buɗe ba.

"Abin da coci ya koyar na sani, kin sani," ya ce. "Amma ranar nan, da ni ne a bayan kantar, ban san me zan yi ba. Kawo su duka biyun yadda suke, Justina. Ba ke za ki raba su ba, ba kuma ni ba. Kina baƙin cikin Linda?"

"Kullum."

"To ya isa mu fara."

Wannan karon na fita, don abin da ya rage nasu ne. Na tsaya jikin randa ina jin muryarta sama-sama. Can Fada ya leƙo ya ce in zo da cokali da ruwa, ta amince amma maƙogwaronta ya ƙi, ko yawu ba ya wucewa.

Na hau gadon na tallafo kanta a cinyata, ba nauyi ko kaɗan. Ya gutsuri ɗan mitsitsin gurasar, bai kai ƙwayar gero biyu ba, ya sa a cokalin. Sai ya miƙo mini.

"Ni, Fada? Ka san fa ni..."

"Na sani, Malama Yelwa. Ba ta."

Na ɗiga mata a hankali. Maƙogwaron ya motsa sau ɗaya. Ta lumshe ido, ta ce wani abu da yarensu wanda ban ji ba. Ana kiran la'asar ta cika, kanta na kan cinyata.

Matan Zumunta suka ɗauki waƙa a hankali. Fada ya ɗauraye cokalin da yatsunsa a kofi, ya ce kada a watsar da ruwan inda ake takawa. Na fita da kofin na zagaya bayan ɗaki, na tsuguna gindin gwandar da ke wurin, na zuba kaɗan-kaɗan har ƙasar ta shanye.