Supap ɗin Baban Salma

Ranar Talata ce, ina surfen hatsi, Delu maƙwabciyata ta shigo ba sallama. Ta ce maigidana Yaƙubu, Baban Salma, ya faɗi da moto, wato babur, bisa hawan dutse na hanyar Buza, da buhu biyu na albasa a baya. Moton ya mutu tsakiyar hawa, ya komo da baya, ya kai shi cikin rami. Kafin a isa da shi gidan likita na Madawa, rai ya yi halinshi.

Ban ƙare kuka ba magana ta fara yawo. Abdurrazak, mai gyaran moto na garinmu, shi ya taso da ita. Kwana uku kafin abin, maigidana ya kai mishi moton don ba shi da ƙarfi, da safe sai an tura shi yake tashi. Abdurrazak ya ce ya buɗe injin ya gyara komi. Da anka tambaye shi wurin zaman makoki, sai ya ce, "Lafiya lau na ba shi moto. Ku tambayi ƙwayar da yake sha."

Ƙwaya! Mutumin da ko goro bai ci. Ɗiyarmu Salma ta komo daga rijiya tana kuka, wai an ce mata ɗiyar ɗan ƙwaya.

Ina cikin takaba, ba halin fita. Ƴan'uwanshi sunka so saida moton, na ja shi cikin ɗakina na rufe da tabarma. Wata huɗu da kwana goma ina kallonshi, raina na tafasa.

Ranar da na fita takaba, na sa anka ɗora shi bisa amalanke zuwa Madawa, garejin wani dattijo, Faruƙ. Na ce wa Mustafa, wan maigidana, sai ya biyo ni ya gani da idonshi.

Faruƙ ya duƙa ya dubi kusoshin kan injin. Ya ce, "Baiwar Allah, wa ya ce an buɗe nan? Waɗanga tun daga kamfani ƙarfe bai taɓa su ba. Buji mai kunna wuta kaɗai ne sabo."

Ya kwance kan injin. Ciki baƙi ƙirin, ya yi kauri kamar gindin tukunya. Ya ce kalamin ke nan, dattin wuta. Ya kishingiɗa shi, ya zuba isansi, wato fetur, cikin wata kafa, ya ce in supap, ɗan ƙarfen da ke toshe ta, na rufewa da kyau, ko ɗigo bai wucewa. Munka zuba ido. Sai ga isansi na tsiyaya, yana bin hannunshi.

"Nan ƙarfin ke gudu," in ji shi. "A fili zai tafi. In ya hau dutse da kaya, mutuwa zai yi."

Ya ciro supap ɗin, na ƙulle shi a bakin zanena, munka komo gida. Bayan la'asar, sa'ad da maza ke cike da rumfar Abdurrazak, na aje mishi bisa benci.

Ya yi dariya. "Asiya, me mace ta sani ga inji? Ki yi haƙuri, ƙaddara ce."

Na ce, "Mutuwa ƙaddara ce, na yarda. Ƙaryar fa, wa ya rubuto maka ita?"

Mustafa ya faɗi duk abin da ya gani. Abdurrazak ya sunkuyar da kai, ya ce ranar aiki ya yi mishi yawa, buji kawai ya canza.

Na ce, "Ƙwayar fa?"

Ya yi ƙasa da murya. Na ce ban ji ba. Sai da ya faɗa har mai shayi na tsallaken hanya ya juyo: Yaƙubu bai taɓa shan ƙwaya ba.

Ban yafe mishi ba, kuma kar wanda ya zo ya ce in yafe. Supap ɗin na nan, ban goge baƙinshi ba. Kullum in na dama fura, da shi nake danne faifai bisa ƙwaryar Baban Salma.