Madarar da Yamusa Ya Zubar

Kwana huɗu matar Malam Basu, Ba'indiyen da ke koyarwa a Gwagwalada, tana kwance ba ta cin komai. Alewar madara ta garinsu kaɗai take ambato. Ga rani, nono ya yi wuya. Sai da Yamusa kuku ya taka rugage uku kafin ya samo rabin ƙwarya.

Ya ɗora a wuta, ya fita ɗebo itace. Yana dawowa ya tarar madara ta tsinke, duk gudaji. Ya sheƙar da ita bayan madafa, kada ta ƙarasa marar lafiya.

Malam ya shigo riƙe da ɓawon lemun tsami.

"Ina madarar da na tsinka? Da gudajin ake yin alewar."

Yamusa ya ruga bayan madafa. Kaji sun riga shi.